Kaset Ɗin da Muhtari Ya Sayo

Kai ka sayo kaset ɗin nan, Muhtari. Kai, ba Bilyaminu ba. A tashar motar Ƙaura Namoda ka saye shi ina tsaye bayanka, kuma a jakata ya iso Zurmi, tare da ƙullin daddawa. Ni Tani yayarka ban yi boko ba, amma idona bai mutu ba. Na gaji da shiru, yau na sa a rubuta.

Bayan an ƙaddamar da shari'a an rufe gidajen kallo, mutane suka shiga tsoron duk abin da ke motsi a talabijin. Lokacin ne Bilyaminu, wani saurayi ɗan Shinkafi, ya fara zuwa Zurmi duk Asabar a babur, da talabijin da ƙaramin janareta ɗaure a baya. Katun yake nunawa gida-gida, irin zanen nan na yara. Akwai wani ɗan jaki mai tabarau da ya raɗa wa suna Namadi. Yakan rage Turancin, ya riƙa yi musu magana da Hausa, har da kukan jaki.

Ba ya nuna kaset sai ya kalle shi sau uku. Kuma ba ya shiga gidan matan aure. A shigar da talabijin tsakar gida, shi ya zauna a zaure da lasifika, yana bin labarin da kunne. In an kusa wurin da bai dace ba, sai ya ce, "Labule!" wata ta saki zane a kan gilashin har a wuce.

A gidanka, ɗiyarka Zulaihat ce mai sakin zanen. Wata biyu tana jin muryarsa ba ta ga fuskarsa ba. Ran da ta kai masa ruwa zaure, ta tsaya tana kallonsa.

"Ashe kai ne jakin?"

"Ni ne. Ke ce mai labulen da ke makara?"

"Ban taɓa makara ba!"

"To Allah ya sa kada ki makara wajen amsa mini abin da zan tambaye ki."

Ta ajiye moɗa ta gudu. Ni na ga dariyar da take ɓoyewa cikin mayafi.

Da sabis ya iso garin, ya ba ta 'yar waya. A ɗakina take karanta saƙonninsa, ni kuwa abin da na ji sau biyu ya zauna.

"Mai Labule, yau na nuna katun gida huɗu a Galadi, babu inda aka saki zane da kyau irin naki."

Ita kuma ta rubuta: "Muryata, ka sha zuma kada maƙogwaron nan ya lalace. Nawa ne."

Iyayensa suka zo, ka karɓe su da fara'a, aka sa rana bayan girbi. Sai matarka ta haihu. Kwana biyu kafin suna muka je Ƙaura, ka hango kaset mai hoton jakin nan. Mai shago ya ce wannan babban fim ne, ba guntayen da ake sakawa a talabijin ba. Ka ce, "Ai Namadi ne, na yara." Ko juya bayan kwalin ba ka yi ba.

Ranar suna bayan azahar ka miƙa wa Bilyaminu kaset ɗin a zaure. Ina bakin ƙofa.

"Baba, ban kalle shi ba. A bar ni in duba zuwa mako mai zuwa."

"Ni na sayo da hannuna. Ko ka hi ni tsoron Allah ne?"

Wane saurayi ke musu da uban matar da zai aura? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Tsakar gida cike da mata da yara, har da surukanka na Moriki. Shi yana zaure bai san labarin ba, yana lalube da kunne. Da farko lafiya, ana ta dariya. Can sai kiɗa ya tashi, jakin ya shiga wani gidan rawa, ga wata mace an zana ta babu suturar kirki tana karairaya, wani ƙato ya rungumo ta. Bilyaminu bai gani ba. Da ya ji kiɗa sai ya ce, "Kai, Namadi ya samu dusa, yau murna yake!"

Zulaihat na riƙe da zane tana jiran muryarsa. Ba ta taɓa saki bai ce ba. Kafin hannunta ya motsa, mata sun ɗauki salati, ana toshe idon yara.

Me ka yi, Muhtari? Ka fito ka shaƙe wuyan rigarsa. Bayan la'asar ka tsaya ƙofar masallaci ka ce ɗan Shinkafi ya kawo tsiraici gidanka, ka fasa ba shi ɗiya. Yaron yana tsaye, idonsa ya kaɗa, bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, don kada in tozarta ƙanena gaban surukansa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Babu gidan da ya sake buɗe masa zaure, daga Zurmi har Shinkafi. Ya rabu da talabijin, ya koma Jangeru yana ɗaukar fasinja a babur. Zulaihat ta daina cin abincin kirki, wuyanta ya fito. Wani Dogo mai hatsi daga Moriki ya yi sallama sau biyar, ko leƙawa ba ta yi ba. Zanen nan kuwa ta ninke shi ƙarƙashin matashinta.

Sai da aka shekara na gaya mata wanda ya sayo kaset. Ta yi kuka har ta shiɗe, sannan ta rubuta masa:

"Muryata, Gwaggo ta faɗa mini. Don mi ka yi shiru?"

Kwana uku amsa ba ta zo ba. Ran na huɗu:

"Mai Labule, wanda ya haife ki ba zan kwance masa rawani gaban mutane ba. Gara a ce ni ne. Ki yi aurenki, ki yafe mini."

"In ba kai ba, sai dai in tsufa ɗakin Gwaggo."

Wata shekarar ta sake zagayowa a haka. Ran da Zulaihat ta faɗi bakin rijiya, na ɗauko kwalin kaset ɗin, wanda na ɓoye tun ranar suna, na dire maka a tabarma.

"Ka san wannan?"

Ka daɗe kana kallonsa. Ka ce, "Adda, na ba Bilyaminu ita. Amma maganar ga ta mutu nan."

Na yarda, don ina son yarinyar ta rayu.

An ɗaura aure Juma'ar bayan ƙaramar salla. Da muka kai ta Shinkafi da rana, ya zo gaishe mu. Ta ɗaga mayafi kaɗan ta ce, "Ka ga ban makara ba." Ya ce, "Ni na makara, ki yi haƙuri." Duk wadda ke ɗakin sai da ta share ido. Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba.

Amma a wurin ɗaurin auren nan, Usmanu maƙwabcinka ya ce, "Malam Muhtari akwai haƙuri, ya ba mai tsiraici ɗiya." Kana ji, ka gyara hula. Ango ma ya ji.

Watan jiya na kai musu ziyara. Zulaihat na da ciki. Ta ce masa cikin wasa, "Muryata, yi wa ɗanka kukan Namadi ya ji." Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya tashi ya fita, wai zai duba babur.

To alkawarin shiru na warware shi. Ɗan nan ba zai zo duniya a kira shi ɗan mai tsiraici ba. A ƙofar masallaci ka ɓata yaron nan, a nan za ka wanke shi. Juma'a mai zuwa, in an sallame, ka miƙe ka faɗi wanda ya sayo kaset, da wanda ya roƙi a bari ya duba aka hana shi. Zan tsaya gindin darbejiyar da ke tsallaken hanya, kwalin na hannuna. Ka amsa, Muhtari: wa ya sayo shi?