Wa Zai Ciyar da Ruwan Majema?

"Ba inda Nohemí za ta!" Dagoberto ya daka wa yayarsa tsawa. "'Yata ce!"

"Sai ka binne ta ita ma, ko?" in ji Eulalia, tana cusa kayan yarinyar a jaka. "Sannu, mai unguwa! Dubi ƙafarka."

Bai duba ba. Ya san a jiƙe take.

Ku matso in gutsura muku, don duk birnin Barranquilla an sani, faɗa ake tsoro. Unguwar nan mai benaye da furanni, a da tsohuwar majema ce a bakin mashigin ruwa, wari kamar mushe. Dagoberto ya saye ta da arha, amma duk harsashin da ya kafa sai ƙasa ta haɗiye. Gogan naku ya zarce wajen boka Casimiro, bayan kasuwar kifi.

Ɗaki duhu ƙirin da rana tsaka. Baƙaƙen kyandirori, ƙoƙon kan kada, ga taba na ci ita kaɗai a bakin gunki. Boka ya sa shi ɗebo ruwan mashigin a kwalba, ya shinshina.

"Yunwa yake ji. Tun kakanni majema ke ba shi jini da kitse. Kun rufe ta, yanzu kana son cike masa baki da ƙasa. Wa zai ciyar da shi?"

"Ni."

"Da me?"

"Akuya, sa, duk abin da yake so."

"Duk abin da yake so." Boka ya yi murmushi. "Da bakinka ka faɗa. Ajiye kwalbar a gidanka."

Ƙasa ta tsaya cak. Benaye suka tashi, masu saye har da rige-rige. Dagoberto ya tare a bene mafi tsawo, ya yi tumbi, ya daina amsa gaisuwarmu.

Sai babban ɗansa ya faɗi a falo yana cin soyayyen kifi, baƙin ruwa na bulbulowa ta hancinsa. A hawa na ƙarshe, jama'a! Ƙanin yaron ya bi shi, a cikin mota. Uwarsu ta zauce, kullum tana sharar ruwan da ba mai gani, har aka kai ta asibitin mahaukata. Bayan kowace gawa kwalbar nan takan cika fal. Yau ta ƙafe ƙaf, yunwa ta dawo ke nan.

"Yaya, ki rufa mini asiri," in ji Dagoberto. "In ta tafi, saura ni kaɗai a gidan."

Eulalia ta daina ninke kaya. Ta dube shi daga sama har jiƙaƙƙiyar ƙafar.

"Ashe ba so ne ya sa ka riƙe ta ba. Tir! Kwaɗayi ya cinye maka 'ya'ya, har kana ajiye wa ruwan nan na gobe? Kai ka ce za ka ciyar da shi, Dagoberto. To, ciyar da shi."

Ta fizgi hannun Nohemí, ta fice, ta buga ƙofa garam!