Ragowar Man Kaɗen Inna

A can wani zamani, a wani gari na bakin fadama, an yi wata yarinya da mahaifiyarta ta rasu. Abin da ta bar mata shi ne ɗan ƙoƙon man kaɗe. Yarinyar tana lallaɓa shi, ko ƙafarta ta yi faso ba ta taɓawa.

Damina ta matso, jinkar ɗakin kakarta kuwa ta ruɓe. Ciyawar rufi tana fadama, amma karara ta nannaɗe ta, mai sa ƙaiƙayi kamar wuta. Kafin rasuwarta, innarta ta koya mata cewa kafin a shiga, a shafa man kaɗe, a bi da toka.

Yarinyar ta ɗauki ƙoƙon da toka ta tafi yankan ciyawa. A bakin fadama ta tarar da wata mata da goyo, riƙe da lauje.

Yarinyar ta ce, "Iya, da jariri za ki shiga? Karara fa ta bushe!"

Matar ta ce, "To wa zan bar wa shi, 'yar nan? Ni ma ɗakina a buɗe yake."

Yarinyar ta dubi ƙoƙon, ta dubi jaririn. Ta lakato, ta shafe shi. Ta lakato, ta shafe uwar. Ita kuwa ta shiga da toka kaɗai.

Da la'asar ta sauke damin ciyawa a gida, hannuwanta duk sun yi rudu-rudu.

Kaka ta ce, "Ke, ina man?"

"Na shafa wa wani jariri, Kaka. Ya ƙare."

Tsohuwar ta daɗe tana hura mata hannu, sannan ta ce, "Uwarki ma haka nata yake ƙarewa."