Jimloli Biyar Na Jakar Tsigi

"Sauke su."

Malam ya ɗago daga littafin da yake dubawa, murmushin da ya tanada mata ya tsaya a rabin hanya. Maman Tsigi na tsaye a ƙofar aji, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ƙamshin sitatin shagon guga bai bar jikinta ba.

"Sannu da zuwa, ɗalibata ta ɗaya... Me za a sauke?"

"Katunan nan. Ka sauke su ko na sauke da kaina."

Ajin manya ne, masu koyon Turanci bayan an tashi daga aiki: direbobi, masu shago, da mata 'yan uwanta masu sana'a. Malam yana da hanyarsa ta koyarwa. Igiyar shanya ya ɗaure daga taga zuwa ƙusar allo, yana rataya kalmomi a kai da abin matse kaya. Katin mai aikatawa rawaya, katin aikin ja, sauran bayani kore. Ɗalibi ya fito ya jera, in ya yi kuskure a matsar da kati, a sake gwadawa. Da wannan igiyar ta koyi haɗa jimlarta ta farko, kuma a gaban wannan igiyar ne, wata takwas da suka wuce, ya tsayar da ita bayan kowa ya fita ya ce yana son ta.

Yau jimloli biyar ne a kan igiyar, kuma duk nata ne.

'Yata tana da farfaɗiya. Idan ta faɗi, ku kwantar da ita ta gefe. Kada ku sa mata komai a baki. Kada ku danne ta. Ku kira mahaifiyarta.

Mako uku ta yi tana haɗa su da Turanci, tana gogewa tana sakewa, saboda makarantar da za ta sa Tsigi da Turanci ake komai a cikinta. Abin da ya kawo ta ajin ke nan tun farko. So take ta rubuta kati da hannunta ta liƙa a cikin jakar yarinyar, yadda duk malamin da ya buɗe zai san abin yi. Ta ba shi ne ya duba mata kuskure kawai.

"Ai babu kuskure ko ɗaya!" Malam ya miƙe, har da ɗan zumuɗi. "Jiya da ba ki zo ba muka shiga darasin umarni da hani, na rasa misalin da ya kai naki. Gajeru ne, kowace kalma a mazauninta. Na ce su tafa miki..."

"Ka ce su tafa wa wa?"

"Ke mana. Na ce aikin Maman Tsi..."

Ta ga lokacin da abin ya shige shi, kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Yayarka tana layi na biyu," ta ce a hankali. "Da safen nan ta zo shago, wai ta kawo guga. Riga ɗaya ce a ledar. Ta ce Innarku ta ji labari. Ta ce aure dai ba a hana ba, amma yarinya ta zauna wurin kakarta."

"Wallahi ban yi tunani..."

"Na sani. Kai jimla ka gani. Ni 'yata na rubuta."

Ta taka ta fara cire katunan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, tana jera su a tafin hannunta. Tun ranar da ya furta mata so ta faɗa masa lalurar Tsigi, ta kuma roƙe shi ya bar ta ta faɗa wa Inna da bakinta, in lokaci ya yi.

"Sanyin idona, ki tsaya mu yi magana."

"Baban Tsigi ma haka ya ce. Shekarar da ciwon ya bayyana ya tsaya muka yi magana, bayan wata biyu takardata ta iso." Ta zuba katunan a jaka. "Ba na fushi da kai, Malam. Amma inda Tsigi ba za ta kwana ba, ni ma ba zan kwana ba. Ka faɗa wa Inna na gode."

Kwana tara ba ta je aji ba.

Tana tashi ta ba Tsigi maganin safe, ta tsaya har ta ga ta haɗiye, ta raka ta gidan kakarta, ta wuce shago. Ta goge rigunan mutane har kafaɗarta ta yi tsami. Ya kira sau uku a rana ta farko, sau ɗaya a ta biyu, daga nan sai saƙo kowace safiya, layi ɗaya: ta sha magani? Ita kuma ta amsa da kalma ɗaya: ta sha.

Tsigi shekararta shida, 'yar siririya, ga surutu kamar rediyo. Ita ce ta fara gajiya da shirun.

"Umma, Malam ya yi tafiya ne?"

"A'a."

"To kun ɓata?"

"Ci burodinki."

"In kun ɓata ki ba shi haƙuri mana. Ke kika ce wanda ya fara ba da haƙuri shi ne babba."

"Na ce ci burodinki, uwar iyayi!"

Ta juya baya tana wanke kofi don kada yarinyar ta ga idonta. Tana son sa, wannan ba ta taɓa musu da kanta a kai ba. Shi ne mutum na farko da ya taɓa tsugunawa ya ɗaure wa Tsigi igiyar takalmi ba tare da ya waiga ya ga ko ana kallon sa ba. Amma ta riga ta auna. Soyayya ba ta tashi da asuba ta ba da magani, uwa ce ke yi.

Ranar Asabar da hantsi, tana shanya a bayan ɗaki, aka yi sallama. Muryarsa ce, sai wata muryar tsohuwa a bayanta.

Ta shimfiɗa wa Inna darduma, ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Malam ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya makara. Inna ba ta taɓa ruwan ba. Ta daɗe tana kallon 'yan takalman Tsigi da ke jere a gefen kujera.

"Yarinyar fa?"

"Tana gidan kakarta, Inna. Yanzu za a kawo ta."

"To. Gara mu yi kafin ta zo." Inna ta gyara zama. "Wannan da kike gani kwana tara ke nan yana cin abinci kamar mai shan magani. Na ce masa mata ba su ƙare ba, ya ce shi a wurinsa sun ƙare. Na ce to yarinya ta zauna can, ya ce shi uba aka ce ya zama, ba baƙo ba. Ya taɓa yi mini musu? Bai taɓa ba, sai a kanki."

Maman Tsigi ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Inna. Ni ya kamata na zo na faɗa miki tun farko. Tsoro ya hana ni."

"Tsoro?" Inna ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ke ma kin san shi ashe. To bari ki ji nawa. Ke kina shago, shi yana makaranta, wa za a bar wa yarinya da yamma? Ni. Ina 'yar shekara goma ƙanena ya faɗi a gabana, irin wannan ciwon. Ba kowa a gidan sai ni. Na tura masa cokali a baki yadda na ji ana cewa, na hau ƙirjinsa na danne... Haƙoransa biyu suka karye. Har ya bar duniya da giɓin nan, duk sanda ya yi dariya sai na ga aikina." Ta dubi tafin hannunta. "Ban ƙi 'yarki ba, 'yar nan. Hannuna nake tsoro."

Malam kallon mahaifiyarsa yake, da alama yau ya fara jin labarin.

Maman Tsigi ta ji wani abu da ya ƙulle a ƙirjinta kwana tara ya saki. Ta yi shirin kare 'yarta daga raini, ashe ba raini ba ne a gabanta. Kuma tsoro irin wannan ta san maganinsa, ita ma ta sha shi.

Ta miƙe, ta ture tebur gefe, ta ɗauko filo.

"Malam, kwanta."

"Na'am?"

"Kwanta a ƙasa. Yau kai ne misali."

"Da farar rigata?"

"Ni zan goge. Kwanta!"

Ya kwanta a kan ledar ɗakin, dogo har ƙafarsa na taɓa ƙofa. Ta kama hannun Inna ta durƙusar da ita kusa da shi.

"Abu na farko, Inna, ki duba agogo. Sai ki janye duk abin da zai ji mata ciwo. Filo ko mayafinki a ƙarƙashin kai. Sai ki juya ta ta gefe, haka, don yawu ya fita. Ba cokali, ba ruwa, ba dannewa. Zai wuce da kansa. In ya haura minti biyar, asibiti."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai ki zauna kusa, ta farka ta ga fuskar da ta sani."

Inna ta sa hannu biyu ta tura kafaɗarsa, bai motsa ba.

"Kai, wannan ƙaton! Wa ya ce ba ka cin abinci? Juya mana!"

"Ai an ce na suma, Inna."

"Suman gidanku! Ka suma kana magana?"

Dariya ta ƙwace wa Maman Tsigi, ta farko cikin kwana tara. Ta nuna wa Inna yadda ake lanƙwasa gwiwa a ja, sai ga shi ya juyo cikin sauƙi. Inna ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a ƙara. A karo na huɗu ita kaɗai ta yi, tana ƙirga matakan da bakinta, gumi na tsattsafo mata a goshi.

A haka Tsigi ta shigo da gudu, ta ci burki a bakin ƙofa.

"Lah! Malam ma yana da irin nawa?"

"A'a, koya wa Inna muke yi," in ji uwarta. "Zo ki gaishe ta."

Tsigi ta durƙusa ta gaishe ta, amma idonta na kan aikin. Ta girgiza kai.

"Kun manta abu ɗaya. Tashi, Malam, ba ka iya ba."

Ta ture shi ta kwanta a wurinsa, ta rufe ido ɗaya. Ta lalubo hannun Inna ta ɗora a bayanta.

"In na farka ina jin kunya. Sai ki dinga shafa nan, ki ce, Tsigi, babu komai, ina nan. To faɗi."

Inna ta dubi hannunta a kan 'yar rigar. Ta fara shafawa a hankali.

"Tsigi... babu komai. Ina nan."

"Yauwa! Kin fi Malam iyawa."

Inna ta ɗago ta cak ta ɗora a cinya, ta rufe fuskarta da mayafi tana kuka. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru.

Da suka tashi tafiya, Inna ta riƙe hannun Tsigi suka yi gaba, wai za ta nuna mata inda ake sayar da alawa. Malam ya tsaya a bakin ƙofa, bayan rigarsa duk ƙura.

"Ban ba ki haƙuri yadda ya kamata ba," ya ce. "Sirrinki kika ba ni, na mai da shi darasi. Ba ni da hujja. Na tsaya gaban aji na faɗa musu laifina ne, kuma daga yanzu ba na ɗora rubutun kowa sai na tambaye shi."

"Yayarka fa?"

"Ta ce za ta zo da kanta. Kunya ce ta riƙe ta."

Ta daɗe tana kallon sa. Ba mutumin da ba ya kuskure take nema ba, ta san babu shi. Wanda zai yi kuskure ya dawo ya tsaya take nema.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "Ɗakinta ya kasance kusa da namu, kuma ƙofarsa ba ta da sakata ta ciki."

"Na cire tun ranar Laraba."

"Tun kafin na amince?"

"Na ce ko da Allah zai sa." Ya sassauta murya. "Kin amince, rabin raina?"

Ta kawar da kai tana ɓoye murmushi. "Cire rigar nan ka aiko a goge. Ba zan auri mutum mai ƙura a baya ba."

Bayan mako shida aka ɗaura aure. Ranar da Tsigi ta fara zuwa sabuwar makarantar, mutum uku ne suka raka ta bakin ƙofa: uwarta da Inna da Malam. Mai gadi ya tambaya ina mahaifin yarinyar, za a sa hannu. Kafin kowa ya buɗe baki Tsigi ta ja hannun rigar Malam ta tura shi gaba.

"Ga shi nan. Baba, yi sauri, za su fara ba ni!"

Ya karɓi biron. Sai da ya goge idonsa da bayan hannu kafin ya iya ganin layin.