Ranar da Alhaji Yuguda Ya Tafi Yaga Zane

Karimatu da Sali da faɗa suka fara. A shekarar 1978 ne, Sali yana kan tsani yana rubuta allon shagon ɗinkin mahaifinta, Alhaji Yuguda, a unguwar Briqueterie, ita kuma ta kawo abincin rana. Ta ɗaga kai ta ce launin da ya zaɓa kamar miyar da ta kwana. Ya sauko a fusace, ya ce wadda ba ta taɓa riƙe burushi ba ba za ta koya masa aiki ba. Washegari ta tarar ya sauya launin.

Daga nan ya riƙa samun dalilin bi ta layinsu. Ɗan garin Garwa ne, Hausarsa da ɗanɗanon Fillanci, yana kiranta Karimata. Ya gaya mata allon shaguna abinci ne kawai, zane shi ne ransa. Amma da ya aiko a tambaya masa izinin neman aurenta, Alhaji Yuguda ya ce ba zai ba mai shafe-shafen fenti 'yarsa ba. Hankalin Alhaji yana kan Mohaman Bello, wani dillalin shanu a unguwar Etoudi, wanda Karimatu ko gaisuwarsa ba ta son amsawa.

Wata Asabar Mohaman Bello ya zo shago, a gaban masu ɗinki da masu jiran kaya, ya ce Sali ya zana Karimatu ya rataye ta a gidan nuna zane-zane na cikin gari. Ya ce Turawa da ma'aikata na tsayawa suna ƙare mata kallo, ga sunanta a rubuce.

Alhaji ya jefa almakashi a aljihu, ya shiga gida yana huci, ya tasa matarsa Hajja Ramatu da Karimatu zuwa taksi. Karimatu ta fi shi tafasa, don Sali bai taɓa neman yardarta ba.

Gidan zane-zanen shiru, bango fari tas. Alhaji yana gaba yana leƙa kowane zane yana tsaki. Hajja kuwa sai tsayawa take, tana kallon wata mata da aka ƙera da tsofaffin ƙarafunan keke, tana cewa ashe akwai irin wannan a garin nan ba a taɓa kawo ta ba.

A ɗakin ƙarshe suka ga sunan Karimatu a kan 'yar takarda. Samansa wani ƙaton zane ne, ja da rawaya sun murɗe cikin baƙi kamar wuta ta kama iska. Babu fuska, babu jiki. Sali yana gefe, ya durƙusa ya gaishe su.

"Ina 'yar tawa a nan?" in ji Alhaji, hannunsa cikin aljihu.

"Baba, ba jikinta na zana ba. Fushinta na zana."

Hajja ta daɗe tana kallo, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta ce wallahi ita ce, kuma kowa ya san inda ta gado fushin. Alhaji ya harare ta, amma ya zare hannunsa babu almakashi.

Karimatu ba ta yi dariya ba.

"Ka ɗauki sunana ka kafa a bango, unguwa duka tana zancena, ba ka tambaye ni ba. Ni allon shago ce?"

Sali ya sunkuyar da kai. Ya cire takardar da hannunsa ya miƙa mata.

"Na yi kuskure, Karimata. Na so duniya ta san ina son ki, na manta ke ya kamata ki fara cewa to."

Ta karɓa, ta juya ta fita. Makonni ba ta kula shi ba. Kullum yana zuwa ya gaida Hajja, ya tafi bai matsa mata ba, har ranar da ta leƙo ta ce masa rigarsa duk fenti, in zai zo gidan mutane ya riƙa wankewa. Ya gane an yafe masa.

Fushin Alhaji kuwa kan Mohaman Bello ya koma. Ya ce mutumin da zai ɓata sunan yarinya a bainar jama'a don ya same ta, kada ya sake taka masa shago. Ya aika wa Sali cewa har yanzu bai ga kan wannan sana'a ba, amma ya ga mutumin da ke karɓar laifinsa, ya turo manyansa.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Alhaji da kansa ya ɗinka wa ango babbar riga, yana yi yana mita. Da za a kai amarya, ya dafa kanta ya sa mata albarka, sannan ya juyo ga Sali.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma Allah ya ƙara maka haƙuri, da idonka a buɗe ka ɗauka."

Kowa ya ce amin. Daga cikin lulluɓi, ta Karimatu ce ta fi ƙarfi.