Ƙoƙon da Ya Auni Gidan Almustapha

Haɗama ce zan ba ku labarinta, wadda ke sa mutum ya raina lomar hannunsa don ya hango ta kwanon wani. Masu iya magana sun ce kowa ya haɗiyi taɓarya zai kwana tsaye. Almustapha na Gummi ya haɗiya, har yau kuwa bai zauna ba.

Dillalin riɗi ne, mai rufin asiri. Yana da mata, Naja'atu, da 'ya'ya biyu, Zayyad da Asma, ga mahaifiyarsa Inna Atine zaune ɗakinta cikin gidan. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. To, wata kaka sai wani kamfani na Legas ya aiko wakilinsa, Kamaluddeen. Kamfanin ya daɗe yana sayen ɗanyen kofi daga hannun manoman tsaunin Mambila yana fitarwa Turai, yanzu kuma riɗi yake so bisa wannan tsari. Wakilin ya tara dillalai a rumfa ya ce:

"Mu ba ma sayen tarin kasuwa. Daga hannun manomi muke so, kowane buhu da sunan mai gonarsa, don mai saye a can yana son sanin inda abincinsa ya fito. Kuma gonar da za ta yi bana ta yi baɗi muke nema. Mutum ɗaya za mu ɗauka, wanda manoma suka fi kai wa kaya."

Kowa ya san wani dillali Hudu ne wannan, don shi ba ya danne sikeli. Almustapha ya koma gida zuciya na tafasa, tuwo ma ya gagare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Washegari ya hau kabu-kabu ya nufi dajin bayan Anka, inda ake raɗe-raɗin wani boka na zaune cikin tsohon ramin zinari, wanda aka gudu aka bari tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara.

Rana tsaka ya isa. Bakin ramin an kewaye shi da jan ƙyalle, an kafa ƙahonin awaki cikin ƙasa. Da ya sauka sai zafin rana ya yanke kamar an sa wuƙa. Ga tuluna baki ɗaure da fata, ga turmin da ake daka dutse a dā ya cika da busasshen jini. Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne, duk ƙarnin nan babu ƙuda ko ɗaya. Bokan yana zaune bisa buzun baƙin bunsuru, ramamme, garin dutse ya yi masa fari fat.

"Ɗan riɗi, ka iso. Mi kaka so?"

"Malam, ni dai..."

"Kak ka ce man malam. Ka ga allo nan?"

Almustapha ya ce, "So nike manoma su bar Hudu su taho wurina."

"Wanga ƙaramin abu na. Faɗi na cikin cikinka."

"So nike in yi arzikin da ba a taɓa yi ba Gummi."

Bokan ya yi dariyar da ba ta da sauti. Ya sa hannu cikin tulu ya fito da wani ɗan ƙoƙon duma, baƙi wuluk, ya kama babban yatsan Almustapha ya tsaga da aska. Jini ya ɗiga cikin ƙoƙon, ƙoƙon ya shanye shi ƙaf kamar ƙasar rani.

"Ku dillalai kuna ɗibar riɗi bakin buhu ku murza ku ga mai. To da wanga za ka ɗiba. Kana ɗiba ka kira sunan mai shi. Duk wanda anka kira sunanai bisa ƙoƙon ga, rabonai ya dawo naka."

"Shi kuma mai sunan, mi za ya same shi?"

"Ɗiyanka na? Ina ruwanka?"

Nan ne fa Allah ya ba Almustapha ƙofar fita, ya ƙi bi. Ya ce, "Nawa zan biya?"

"Ni ba a biyana. Ƙoƙo shi ka amsar nashi. Sai dai ka sani, bai da ido. Kunne garai."

Ya karɓa ya sa aljihu. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa, amma mai kwaɗayi kurma ne.

Wanda aka fara kira shi ne Tasi'u, manomin wani ƙauye na Bukkuyum, abokinsa tun na ƙuruciya. Ya zo wucewa da jakinsa zai kai wa Hudu riɗi, Almustapha ya tare shi da raha: "Tasi'u sarkin rowa, tsaya in ga ko tsakuwa ka noma bana." Ya ɗiba da ƙoƙon. Tasi'u ya sauke kayansa nan take, bai san dalili ba. Kafin kasuwa ta juyo, manoma sun yi layi ƙofar shagonsa, shi kuma yana kiran kowa da sunansa, har ana yabonsa da sanin mutane. Buhunsa ya fi na kowa nauyi, riɗinsa fari tas, mai na naso. Kamfani ya ɗauke shi. Hudu ya naɗe tabarmarsa ya koma sayar da wake.

Arziki ya zo kamar ambaliya. Tireloli na lodi zuwa tashar jirgin ruwa, gidan ƙasa ya koma bene, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba.

Da damina ta zagayo, gonar Tasi'u ta yi kore shar, ta yi fure, amma da aka kakkaɓe dami sai ƙaiƙayi. Haka ta wancan, haka ta wancan. Tasi'u kansa ya dinga bushewa kamar karan dawa, asibiti ba su ga komai ba. Almustapha ya je jana'izarsa, ya yi sadaka mai tsoka, ya dawo ya tura mota ƙauyukan da bai taɓa shiga ba neman sababbin sunaye. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

A azumin shekara ta uku, kakar riɗi ta wuce, ya tafi Legas sallamar kaya. Ƙoƙon ya bar shi cikin jakar da ke rataye a ɗakinsa, don ba ya son a gan shi wurin bincike a filin jirgi. Ranar jajiberin salla ya dawo da la'asar, niƙi-niƙi da tsaraba. Tun daga zaure ya ji muryar Inna Atine a tsakar gida, tana awon zakkar fidda kai kamar yadda ta saba kowace shekara, tana kiran sunan kowa tana zuba gero.

"Wanga na Asma... na Asma..."

Ya shiga da gudu. Baƙin ƙoƙon ne a hannunta.

"Inna! Ina kin samu wanga?"

"Kai, ka ba ni tsoro! Ba ko sallama? Maƙwabta sun ari mudunmu ba su maido ba, Naja'atu ta gano wanga cikin jakarka. Daidai mudun Annabi fa shike, kamar an gwada."

"Wa da wa kinka auna?"

"Ni nif fara da kaina, sai matarka, sai Zayyad, ga 'yar auta na gama. Kai kaɗai ar rage, uban tafiya. Kawo in cika."

Ya fizge ƙoƙon, gero ya watse. Inna ta bi shi da ido. "Almu, lafiya? Don ɗan ƙoƙo kaka fizgar uwarka?"

Ranar salla, ana hawa idi shi yana hanyar Anka. Ya tarar ramin ya rufta, ciyawa har ta fito bisansa. Ya dawo ya jefa ƙoƙon cikin murhu, wuta ta mutu. Ya sa taɓarya, taɓarya ta tsage.

Inna ce ta fara tafiya, tana zaune da carbi a hannu. Zayyad ya bi ta kafin babbar salla, yaron da ke ɗaukar buhu shi kaɗai ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Asma ta daɗe tana jinya, kullum tana cewa, "Baba, na ci amma kamar ban ci ba." Shi kuwa uban, abin da ya fi ƙona shi, kullum sai ƙara ƙiba yake, fata na sheƙi, ko ciwon kai ya daina yi. Ya san rabon wa yake ci. Ranar da aka fita da gawar Asma, Naja'atu ta yi dariya a tsakar gida, daga nan ba ta sake dawowa hankalinta ba.

Kamaluddeen ya zo duba gonaki, kamar yadda suke yi wa masu kofi a Mambila. Ya zaga ƙauyuka ya ga ƙasar da ko tsuntsu ba ya sauka, ya ga zawarawa. Ya ce, "Alhaji, mun ce gonar da za ta yi baɗi. Ina baɗin yake a nan?" Kamfani ya janye. Da aka buɗe sito, buhunan da suka rage duk ƙaiƙayi ne.

Ku masu gaggawar arziki, ku ji da kyau. Ramin mugunta a gina shi gajere, kuma abin da aka auna wa ɗan wani, da shi za a auna wa naka. Almustapha ya rasa uwa, ya rasa ɗa, ya rasa 'ya, ya rasa aminin ƙuruciya, ya rasa bene da tireloli, ya rasa mai amsa masa sallama a kasuwar Gummi. Abu biyu suka rage masa: lafiyar da ba ya so, da Naja'atu zaune ƙofar kango tana auna yashi da baƙin ƙoƙo. Kullum yana durƙusawa gabanta yana roƙo ta kira sunansa. Kowa tana kira, ban da shi.