Ranar da Aka Wanke Suwaitar Sumire

"Ga shi nan, ya sake."

Mama Okuyama ce ta faɗa, ko kofin shayinta ba ta ajiye ba. Chizuru ta waiwaya. Azuki, zomon gidan, ya ɗage guntun bindinsa ya tsula fitsari a kan matashin da ta tashi daga kai yanzun nan, sannan ya koma gefe yana wanke fuska kamar ba shi ba.

"Tun yana ɗan mitsitsi bai taɓa yi a wajen fo ɗinsa ba," in ji tsohuwar. "Sumire da hannunta ta koya masa. Dabba ba ta iya munafunci ba, Tatsuro. Ta san 'yar gida, ta san baƙuwa."

"Mama, don Allah..." in ji Tatsuro.

"Ni me na ce? Zomo nake yabo."

Sumire 'yarta ce, matar Tatsuro ta fari, ta rasu shekara uku ke nan. Har yau Mama yake kiran tsohuwar, har yau tana zuwa da girkinta duk Lahadi. Ita kuwa Chizuru, da bazara za a ɗaura musu aure da Tatsuro, amma a idon Mama Okuyama ba ta wuce wadda ta yi ɓatan hanya ta shigo ba.

Chizuru ta durƙusa tana goge matashin. Ba maganar tsohuwar ce ke cin ta ba. Abin da ita kaɗai ta sani ne.

Ranar sharar ƙarshen shekara, da kowane gida a birnin Sendai na Japan yake fitar da datti, Tatsuro ya bar mata makulli ya tafi aiki. Ta share, ta goge, har ta iso kwanar Azuki. Nan ta tarar da wata tsohuwar suwaita ruwan toka, duk gashin zomo, a shimfiɗe kusa da fo ɗin. Ta san ta wace ce. Ta ce wa kanta ƙazanta ce, alhali kishi ne tsagwaronsa, kishin wadda ma ba ta duniya. Ta jefa ta injin wanki da sabulu mai ƙanshin lemo, ta dirje fo ɗin da kwanar gaba ɗaya har suna ƙyalli. Sai da suwaitar ta bushe gabanta ya faɗi. Ta mayar da komai inda yake, ta ja bakinta ta yi gum.

To, kaya suna komawa wurinsu, wari ba ya komawa. Zomo kuwa da hanci yake sanin gidansa. Washegari Azuki ya fara jera ƙwayoyin kashinsa a gefen tabarma kamar mai shata iyakar gona, ya jiƙa katifa, ya jiƙa matashi. Garin gyaran gira an rasa ido.

"Ku kawo mini shi," in ji Mama Okuyama tana sa takalmi. "Ina da keji a baranda. Tunda nan ba ya jin daɗin zama."

Chizuru ta ɗago tana jiran Tatsuro ya ƙi.

"To, Mama. Lahadi mai zuwa."

Bayan an rufe ƙofa Chizuru ta ce, "Tatsuro, keji fa ta ce. A sanyin nan..."

"Ba zan bari ki zauna a gidan da ake korar ki kullum ba, masoyiyata. Ko da zomo ne mai korar."

Da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Satin nan abinci bai yi mata daɗi ba. Sau nawa ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna yadda yake sassauta murya idan ya ambaci Sumire, ta haɗiye. Tana tsoron idan ya ji, zai dube ta da idon da tsohuwar ke duban ta.

Ran Lahadi da hantsi ta sami Tatsuro zaune a ƙasa, akwatin ɗaukar zomo a buɗe gabansa, ya zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Bai ji shigowarta ba. Yana miƙa wa Azuki yankin tuffa yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri, abokina. Ka ji? Yi haƙuri..."

"Ni ce."

Ya juyo.

"Ni na wanke suwaitar. Na wanke kwanarsa duka, ranar shara. Ba shi da laifi, Tatsuro, gidansa yake nema." Hawaye suka ɓalle mata. "Kuma ba don datti na yi ba. Na san tata ce. Na sani, na wanke."

Azuki kaɗai ake ji yana gurgurar tuffa.

"Na sani," in ji shi.

"Ka... sani?"

"Tun ranar. Na dawo na ɗauke ta, sai na ji lemo."

"Me ya kai ka ɗaukar ta?"

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Kullum nake ɗauka. Idan na dawo aiki, kafin in cire kwat, sai na sa fuskata a ciki. Har bayan da na ce ki aure ni." Ya shafa bayan zomon. "Da na tambaye ki, sai kin tambaye ni yadda aka yi na gane. Shi ya sa na bar Azuki ya ɗauki laifin. Shi ba ya magana."

Chizuru ta zauna daɓas a gabansa. Ashe su biyu ne suka haɗu suka ɗora wa ɗan zomo kayansu, kowa yana ɓoye nasa.

"Ka ji zafi?"

"Ƙwarai. Kwana biyu na kasa kallon ki."

"Na lura."

"Ke fa? Yanzu da kika ji?"

"Ina jin zafi," ta ce. "Amma ban da bakin magana."

Ya yi 'yar dariya, idonsa jawur. Ya ɗauki suwaitar Sumire ya ninke ta a hankali, hannu kan hannu.

"Wannan zan kai wa Mama. Ba zomo take so ba, 'yarta take nema. Za ta yi faɗa, zan tsaya in sha." Ya rufe akwatin ya ture shi gefe. "Ke kuma cire taki."

"Tawa?"

"Sai kwanarsa ta yi warin masu gidan zai natsu. Ke ce mai gidan, ko kin fasa?"

Ta cire suwaitar da ke jikinta, sabuwa fil, da ɗuminta, ta shimfiɗa kusa da fo ɗin. Azuki ya matso yana karkaɗa hanci, ya shinshina wuyan, ya goga haɓarsa a hannun rigar. Sannan ya hau tsakiya, ya gyara zama, ya ɗage bindi.

"Azuki!"

"Kada ki ji haushi, haka ya yi wa waccan da farko. Sa hannu yake yi, ya ce tasa ce."

Ta miƙa hannu za ta ɗauko tsumma. Tatsuro ya riƙe wuyan hannunta, ya jawo ta jikinsa.

"Bar shi, amaryata," ya ce. "Wannan kada ki wanke."