Ranar da Likita Ya Tsaya Bayan Taga

Akwai maganar da na riƙe tun haihuwar ɗanmu Yari, ban faɗa wa matata Baiwa ba sai ranar sadakar arba'in ta mahaifinta.

Mahaifin nata, wanda Birnin Kebbi ta sani da Likita Riskuwa, mutum ne da har yau nake jujjuya al'amarinsa a raina. Yakan bar tuwo da zafinsa ya bi mai kira. Ƙananan 'ya'yansa kuwa a wuya yake ɗaukarsu ya zaga gida da su. Amma Baiwa 'yar fari ce, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zaunar da ita kusa da shi ba. Na sha tambayar kaina yadda mutumin da ya karanci jikin ɗan Adam ciki da waje ya kasa tsallake kunyar 'yar fari.

Da baƙi suka watse bayan la'asar, na same ta tana ɗauraye kwanoni, idonta a bushe. Ta ce tun safe take sauraron mutane, wannan na cewa Likita ya ceci ɗansa, waccan ya yi mata aiki kyauta.

“Kowa na da labarinai, Malam… ni ɗai ce ba ni da shi. Ko da na kusa mutuwa wurin haihuwa a Argungu, bai zo ba.”

Na ce, “Ya zo, Baiwa.”

Ta ajiye kwanon.

Na faɗa mata komai. Damina ce, ruwa ya yanke hanya gaba da Ambursa. Ya shiga kwalekwalen masu shinkafa, ya ƙarasa a bayan keken wani manomi, ya iso da laka har gwiwa. Ɗakin haihuwa dai ya ƙi shiga. Ya tsaya bayan taga, ya jingina da bango, yana tambayar unguwarzoma abin da take gani, yana gaya mata abin da za ta yi. Da aka nemi jini, hannunsa ya miƙa. Da jariri ya yi kuka, sai ya zauna a ƙasa. Sannan ya sa na yi alkawarin Baiwa ba za ta ji ba. Ni da ba na iya ɗaga ido gaban suruki, ina zan iya musa masa?

Na jira fushinta, domin na san shekarun da na bar ta tana zaton bai damu da ita ba.

Sai kawai ta tambaye ni:

“Ya ci wani abu kahin shi koma?”

“Bai ci ba. Ya ce marasa lahiya na jiransa.”

“Da yunwa yat tahi, bayan ya ba da jini…”

Ta kife kanta a gwiwata tana kiran Baba, na bar ta ta yi kukanta.